Azumin da na kai rumbun Baba Jega

Bana azumi ya zagayo ya same mu daidai inda ya taɓa samun mu shekara talatin da 'yan kai da suka wuce: tsakiyar zafi, tsakiyar cirar albasa. Ran goma ga wata na bi ta bakin kasuwar Aliero da la'asar. Manyan motoci sun yi layi, 'yan dako suna ta loda buhuna, leɓunansu sun bushe sun yi fari fat. Warin albasar da rana ta gasa ya bugi hancina, nan take na ji maƙogwarona ya ƙafe irin ƙafewar da ya yi mini a wani ɗakin taro a Jega, ina ɗan aji biyar na sakandare. Na daɗe tsaye a gefen hanya, har wani mai sayar da ƙanƙara ya zaci ciniki na zo yi.

Shekarar ce ta farko bayan an yanke mu daga Sakkwato an ba mu jihar kanmu. Da can gasar muhawara ta makarantu sai dai mu ji labarinta. Sakkwato ta yi nisa, kuma wa zai tuna da 'yar makarantar jeka-ka-dawo wadda rabin tagoginta babu ƙyaure? To ga shi yanzu an ce a Birnin Kebbi za a yi, nan kusa, kuma makaranta ɗaya ce za ta fito daga shiyyarmu. Malam Haruna, mai koya mana Turanci, mutumin Maiyama, ya ɗauki abin da zafi kamar gonar gadonsa. Siriri ne, mai saurin hawa da saurin sauka. Mu biyu ya zaɓa. Na farko Bello, Bafulatanin Kuberi da ke zaune wurin kawunsa a garinmu, marar yawan magana, amma abin da ya karanta sau biyu ya zauna masa ke nan. Na biyu ni, Umaru, kuma ba don na fi kowa Turanci ba. Tun ina ƙarami ba a kayar da ni a musu ko da ni ne marar gaskiya, balle a ce ina da ita. Kafin a ga wata mun kara da 'yan Maiyama mun yi nasara. Saura Jega, kuma aka sa ranar a tsakiyar azumi. Ni da ban taɓa wuce Jega ba a rayuwata, na ƙudurta a raina sai na taka Birnin Kebbi ko da rarrafe ne.

A gida kuwa abin ba daɗi. Daminar da ta gabata ta yaudare mu. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, gero ya tashi kore shar, sai ruwan ya ɗauke daidai lokacin da ya fara fitar da kai. Muka yi ta kallon gabas, hadari ya haɗu ya watse, ya sake haɗuwa ya watse. Abin da muka kawo gida bai kai rabin rumbu ba. Saboda haka Baba ya zuba ƙarfinsa gaba ɗaya a fadama. Ba mu da injin ban ruwa, lokacin masu shi a garin ana nuna su da yatsa. Rijiyoyi ne 'yan gajeru, mu ja da guga mu bi fangali fangali muna zubawa, tun sanyi yana yanka hannu har zafi ya shigo. Albasa kuwa ta yi. Ta yi irin yin da Baba ya ce bai taɓa gani ba, manya-manya, ja wur. Sai dai ta kowa ma ta yi, kasuwa ta cika ta tumbatsa, 'yan sari suna tayawa kamar alfarma suke yi maka. Baba ya ce ba zai zubar da wahalarsa ba. Za mu adana ta a rudu, 'yan rumfunan karan nan da ake ɗagawa daga ƙasa a rufe da ciyawa don iska ta riƙa ratsawa, sai damina ta matso albasar ta yi daraja sannan ya sayar.

Da haka azumi ya same mu, albasa ko'ina, hatsi babu. In an yi sallar asuba mu wuce fadama, ni da Baba da ƙannena, mu yi cira kafin rana ta ɗaga. Daga nan in wanke hannu a bakin rijiya in ruga makaranta. Warin ba ya fita, amma da yake rabin ajinmu haka suke wari, ba mai yi wa wani gori. Da azahar a tashe mu, in koma ƙarƙashin rumfa, a yanke lawashi, a ware mai rauni, a jera mai kyau. Iskar lokacin kamar daga bakin murhu take fitowa. Mu jiƙa buhu mu yafa a ka, kafin a cika kwando ɗaya ya bushe ƙayau. Ga yajin albasa yana sa hawaye, kai kuwa kana jin haushin ruwan da ke fita daga jikinka a banza. Inna da 'yan mata suna can cikin gida suna daka lawashin, suna cura gabu suna shanyawa.

Buɗa-bakinmu kunu ne, kullum yana ƙara tsinkewa, sai ruwan randa da ɗan kwaɗon zogale. Sahur kuwa abin da ya rage. Amma daga waje ba mai ganewa. Al'adar unguwarmu ce in rana ta kusa faɗuwa a yi ta aika kwanuka gida-gida, kowa ya ɗanɗana na maƙwabcinsa, kuma gidan da bai fitar da kwano ba an san halin da yake ciki. Inna ba ta taɓa fashi ba. In kwanon ƙosai ya shigo daga gidan gabas, sai ta yi maza ta juye a namu, ta gyara jerin, ta rufe da faifai, ta aika gidan yamma. Na yamma in ya zo ya tafi kudu. Mu muna zaune muna kallon ƙosai yana shigowa yana fita, ƙamshin kawai yake bar mana. Ba wanda ya taɓa cewa uffan, har autarmu, don mun san maganar cikin gida ce.

Wata rana muna yankan lawashi, ina ta maimaita gaisuwar alƙalai da Turanci ƙasa-ƙasa, sai Baba ya ɗago kai.

"Umaru, wanga abu da kuka yi makaranta, mi a sunanai?"

"Muhawara, Baba."

"Gardama dai. Kai kaka zaɓen gehen da kaka tsayawa?"

"A'a, takarda aka naɗewa a ɗauka."

"To in kunka ɗauki abin da ba ka yarda da shi ba hwa?"

Na ce sai in kare shi, ai haka wasan yake.

"Da bakin azumi?"

Ya ci gaba da yankansa har ya cika hannu biyu, sannan ya ce, "Ban hana ka ba. Amma ka ji ni da kyau. Kalma guda ta ƙarya in ta hita bakinka cikin watanga, ban yahe ba. Ba mu shan wagga ƙishirwa ga banza."

Baba ba ya maimaita magana, kuma ban taɓa jin ya ce bai yafe ba a kan komai. Na ce na ji, na kuma yi alkawari.

Saura kwana biyar Malam Haruna ya je Jega aka ɗauki ƙuri'a. Batun shi ne, tsakanin noman rani da noman damina wanne ya fi amfani ga sabuwar jiharmu. 'Yan Jega suka ɗauki rani. Mu 'ya'yan Aliero, garin albasa, damina ta faɗo mana. Ajinmu har da masu riƙe ciki don dariya. Washegari Malam ya zo da takarda biyu cike gaba da baya, lambobi ne da sunayen masana da rahotanni, ya ce mu haddace.

Na ce, "Malam, waɗanga lambobi wane littahi sunka hito?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Littahin kaina. Laburarenmu kwali biyu na, ka sani. Wa za shi tashi cikin zahin ga shi bincika?"

"Malam, ba ni iya hwaɗinsu."

Na gaya masa yadda muka yi da Baba. Nan fa ya hau. Ya ce wasa ne, kowa ya san wasa ne, 'yan Jega da nasu lambobin za su zo. Ya ce akwai yara goma da ke son wurina. Na ga Birnin Kebbi tana suɓuce mini, amma na kafe. Yau ba na ganin laifinsa sosai. Yaran yanzu waya suke latsawa amsa ta fito, shi kuwa ba shi da komai sai son kada mu ji kunya. Bello ne ya raba mu. Ya ce a bar shi ya tsinci abin da ke cikin littafin noma na aji ya buɗe da shi, ni in rufe da martani, tunda martani ba a haddace shi. Malam ya naɗe takardunsa ya cusa a aljihu, ya ce in muka zubar masa da mutunci a gaban mutanen Jega kada wanda ya sake gaishe shi.

Kwanakin da suka rage na yi su ina neman abin da zan faɗa wanda na san gaskiya ne. Ruwan sama ba ya son guga. Gero yana shekaru a rumbu, albasa wata kaɗan ta fara ruɓa. Kowane gida yana da gonar tudu, amma ba kowa ke da fadama ba. Bello ya ƙara mini da cewa karan dawa da harawa su ke riƙe shanunsu har ruwa ya sauka, saniya kuwa ba ta rayuwa da lawashi. Na yi ta juya su zuwa Turanci a hanyar fadama, tafiya da dawowa, da harshe busasshe. Na gwada su a gaban Bello da agogon Malam, duka-duka ba su cika rabin lokacin da za a ba ni ba.

Ranar ta zo. A bayan a-kori-kura muka tafi, ƙarfen motar ba ya taɓuwa. Ɗakin taron rufin kwano ne babu silin, ya cika maƙil da ɗaliban Jega, da 'yan Maiyama da suka zo ganin yadda za mu ƙare, da malamai, da wasu dattawan gari. Alƙalai uku a gaba, da agogo da ƙararrawa. Kowa yana fifita da littafi. Bello ya buɗe, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Sai babban mai maganar Jega ya tashi, dogo, rigarsa ta sha guga, Turanci yana zuba kamar rediyo. Ya kawo lambobinsa, ya ce albasar Aliero har bakin teku ake cin ta. Sannan ya juyo ya nuna ni.

Ya ce, "Ku tambayi abokin karawata, rigar jikinsa da takalminsa me ya saya masa? Ba sai ya amsa ba ma, tun daga nan ina jin warin amsar."

Ɗakin ya ɗauki shewa. Ni kuwa na ji jini ya hau mini ka. Da aka kira ni, harshena ya manne a dasashi, sai da na yi ta motsa baki kafin murya ta fito. Na faɗi zancen guga, na faɗi zancen ruɓa, na faɗi shanun Bello. Suka ƙare. Na dubi agogo, lokaci yana nan da yawa. An fara surutu a baya. Malam Haruna ya sunkuyar da kai, hannunsa a kan aljihun da takardun nan suke. Na san layin farko na takardar, don na karanta ta, kuma da na fara shi sauran za su biyo. Na ƙi.

Da gurguwar Turancina na ce gaskiya ne, ni ɗan mai albasa ne, warin da ya ji nawa ne. Na ce yanzu haka a gidanmu rudu huɗu ne cike da albasar da ba a taɓa samun irinta ba. To ku tambaye ni da me na yi sahur yau. Kunun jiya ne aka ƙara wa ruwa. Rumbunmu tun kafin a ga wata da tsintsiya ake shiga cikinsa. Damina ɗaya ta ƙi mu, rani mafi kyau bai iya cike gurbinta ba. Surutun ya tsaya. Na ji ɗakin ya dawo hannuna, kuma wanda ya san daɗin wannan ya san ba a tsayawa. Bakina ya wuce inda ya kamata ya tsaya, na ba su labarin kwanon Inna, daga gidan gabas zuwa gidan yamma, ban rage komai ba. Da farko wasu suka yi dariya, sai dariyar ta mutu da kanta. Ɗaya daga cikin alƙalan, wani mai furfura, ya ajiye bironsa yana kallo na. Na ce duk wanda ya taɓa buɗa baki da albasa a ɗakin nan ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga, aka kaɗa ƙararrawa.

Mu aka ba nasara. Malam Haruna ya manta da shi malami ne, ya rungume ni har ƙafafuna suka bar ƙasa. 'Yan Maiyama ma mu suka yi wa tafi. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, ƙishirwar ma na manta da ita. Ga Birnin Kebbi na samu, ga alkawarin Baba ban karya ba. A bayan mota ina ta surutu, ina kwaikwayon yadda dogon Jega ya saki baki. Sai da muka yi nisa Bello ya matso kusa da kunnena.

"Umaru, Inna ta san za ka hwaɗi zancen kwanon nan?"

Sai lokacin na tuna cewa a ɗakin nan akwai 'yan unguwarmu, akwai masu dangi a unguwarmu, kuma Jega kasuwa ce, magana ba ta kwana a cikinta.

Kwana ɗaya ya isa. Washegari da yamma kwanuka suka fara shigowa, ba irin na kullum ba. Kowanne ya ninka, kuma masu kawowa suna cewa an ce a gaya wa Inna ba sai ta mayar da komai ba. Wani ma gero ne tsaba a ƙarƙashin faifan. Inna ta karɓa, ta yi godiya, ta jera su a bakin ɗaki. A ranar ba ta fitar da kwano ko ɗaya ba. Muka ci ƙosai har muka ƙoshi, kuma ban taɓa cin abin da ya ƙi wucewa a wuyana kamarsa ba. Da na je ɗaukar buta ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Umaru, da wane ido nika diban matan unguwagga yanzu?"

Da duka na ta yi da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu bayan haka ƙanin Baba da ke Dangamaji ya turo jaki da dammunan dawa, da saƙon cewa bai ji daɗi ba a ce sai a bakin mutanen kasuwa zai ji halin da yayansa yake ciki. Baba ya sauke kayan da hannunsa, ya sa wa ɗan aiken albarka, ya raka shi har bakin hanya. Mun yi cira tare, mun yi yanka tare, mun yi salla kafaɗa da kafaɗa, ko sunana bai kira ba.

A rana ta huɗu bayan asuba, maimakon mu nufi fadama sai ya nufi wurin rudu. Ya aro jakuna. Ya yaye ciyawar rudu na farko, ya yaye ta na biyu, ya ce mu cika buhuna. Na san abin da ake ciki. Kasuwa tana ƙasa warwas, amma zai sayar ya auno gero, Inna ta dama kunu mai kauri ta aika duk gidan da ya aiko, don kada a sake kallon gidansa da tausayi. Albasar da muka yi wata da watanni muna ja wa ruwa da guga, wadda ya ce ba zai zubar ba, ita muke ɗurawa. Ina ɗurawa ina hawaye, kuma wannan karon ba yajinta ba ne.

Da muka ɗora wa jakin farko, ya ja igiya ya ɗaure, sannan ya yi magana.

"Ni nic ce kak ka yi ƙarya, kuma an gaya man ba ka yi ba. Wannan ka cika. Amma shin nic ce ma duk gaskiyad da ag gidana ka kwashe ta ka kai Jega?"

Na durƙusa a nan cikin ɓawon albasa. Na ce ya yafe mini. Na ce na fasa zuwa Birnin Kebbi, yau ɗin nan zan gaya wa Malam ya nemi wani. Kuma har zuciyata nake nufi, ko da yake faɗinsa ya yi mini ciwo ƙwarai.

Baba ya saki igiyar ya juyo gaba ɗaya.

"Ka hwasa? Albasata ta tahi ga banza, innakka ta sha kunya, sannan kai ka zamna gida? Tashi. Za ka. Ka tahi ka kada su duka, kuma da gaskiya kaka kada su. Amma wagga tahiya, rumbuna da kwanon innakka nan kaka barin su."

Ya miƙo mini igiyar jakin gaba, muka kama hanyar kasuwa.